Fiffiken da Ba Ya Tashi

Ranar Talata Jazuli ya ari almakashina,
wanda nake yanka shadda da shi, ko takarda ba ya taɓawa.
Alhamis ya dawo da shi, baki a dakushe.
Ya ce, "Yaya, yi haƙuri, yadin ne da taurin kai."

Wane irin yadi?
Baƙi wuluk, yana sheƙi kamar bayan buzuzu.
Saƙa ce dai, na ga zaren tsaye, na ga na kwance,
amma auduga ba ta san da zamansa ba.
Zaren kabon, in ji shi, gawayi ne da ya yi karatu.
Yadi uku, kuɗinsa ya kusa kamo keken ɗinkina.
A motar dare aka sako shi daga Legas,
ya je tarbarsa tasha kamar mai tarbar alhaji.

Wai fiffike zai yi wa tsohuwar motarsa,
wadda sai an tura ta in sanyin Jos ya kwana a cikinta.

Ya sassaƙa busasshen soso da wuƙar burodi,
ya bi da sanfefa har girarsa ta yi furfura.
Davou mai gyaran jikin mota ya zo daga Farin Gada,
ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Kifa shi.
Na jirgi doronsa na sama,
naka ƙasa zai duba."

Zubin farko ya ƙi.
Agusta ce, ruwa ba ya ɗaukewa a Gangare,
danƙon da ya dama ya kwana uku bai daskare ba,
yana yauƙi kamar miyar kuɓewa.
Saƙar ta murguɗe a lanƙwasa, gefe ya warware.
Ya zauna kan taya, bai ci tuwo ba.

Ni kuwa na ɗauki guntun na juya.
Na ce, "Wa ya ce maka ana yanka wuyan riga a miƙe?
Karkata shi, yaro, sai ya bi jiki.
Manna salatif kafin ka sa almakashi,
zare ba ya gudu in an tare masa ƙofa."
Ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

Na biyu tare muka shimfiɗa.
Falle kan falle, buroshi, safar roba,
wari har cikin maƙogwaro.
Muka sa shi a leda muka liƙe bakin,
injin tsohon firjin Inna ya zuƙe iskar.
Wani wuri na tsiyaya, siii,
muka bi da kunne kamar masu neman sauro.
Ƙarfe biyu aka ɗauke wuta.
Na hura kasko na tura ƙarƙashin teburi, nesa kaɗan,
gawayi na ɗumama ɗan'uwansa har asuba.

Da muka ɓare ledar
na ɗaga shi da yatsu biyu, bai fi faifai ba.
Davou ya ɗora shi kan bulo biyu ya hau,
Davou da tumbinsa.
Ko ƙas bai ce ba.

Lahadi da sassafe, hanyar Heipang babu kowa.
Allura na hawa, duwatsu na komawa baya.
"Yaya, kin ji? Kin ji ta kama ƙasa?"
Ni dai zuciyata kawai nake ji, da salatin da nake ja.
Amma na waiga.
Ga saƙata a madubin baya, layi bai kauce ba,
iska na dannawa, tana ɗauka.

Sa'o'insa duk fiffiken tashi suke nema,
wasu Abuja, wasu gaba da teku.
Nawa ƙanen ya ɓata wata biyu da albashi uku
don iska ta ƙara manna shi da titin garinmu.

Almakashin dai har yau bai biya ba.
Na rubuta a bayan littafin awo,
ƙarƙashin bashin Maman Nanret.